Waƙoƙin da Azariya Ya Tara

Mako guda bayan an binne Malam Azariya, dangi suka taru a gidansa da ke Kagoro domin rabon kayansa. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaron da ke tsakar gida, aka riƙa fito da kayan ɗaya bayan ɗaya: kwat ɗin da yake sawa zuwa kwaleji, takalmansa, agogon hannu, har da wata laima mai karyayyen mariƙi wadda ya ƙi yarwa tun shekarar da aka haifi 'yarsu. Matarsa Yemima tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta cikin baƙaƙen tufafi, ta harɗe hannuwa a kan cinya. A danginsu, matar mamaci ba ta taɓa kayan mijinta, ba ta kuma sa baki a rabonsu. Za ta zauna a gida wata uku, sa'an nan a kai ta coci a yi mata addu'ar fita. Yemima ta shugabanci makarantar firamare shekaru masu yawa, ta saba in ta yi magana a saurara, amma ta san wannan al'ada tun tana amarya, ba ta kuwa ga dalilin karya ta a ranar da idon kowa yake ɗanye ba.

Mai rabon ita ce Kaka Edna, ƙanwar mahaifin marigayin, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya, wadda ita kaɗai ta rage cikin sa'o'inta. Takan ɗaga abu, ta dubi jama'a, ta kira suna, ba mai musu. Haka aka yi ta yi har aka fito da baƙar jakar da kwamfutar Azariya take ciki. Nan Yemima ta ɗago kai.

A cikin kwamfutar nan littafinsa yake. Azariya ya koyar da tarihi a kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya, amma aikin da ya fi ba zuciyarsa shi ne tattara waƙoƙin da matan ƙasarsu suke yi a kan dutsen niƙa. Tun da injin niƙa ya shigo kowace unguwa, waƙoƙin suka fara mutuwa tare da tsofaffin da suka iya su. Fiye da shekara goma, kusan kowace Asabar, yakan ɗauki Yemima a bayan babur su shiga ƙauyukan da ke gindin duwatsu. Dole sai da ita, domin tsohuwa ba ta rera waƙar niƙa a gaban namiji haka kawai. Yemima ce take ɗaura zani ta durƙusa ta kama dutse tare da su, ana niƙa ana hira, har waƙar ta fito da kanta. Shi kuwa yana rakuɓe a bayan rumbu da wayarsa yana ɗaukar murya, kamar ɓarawon kaji. In sun dawo gida ya rubuta waƙar da harshensu, ya fassara ta da Hausa da Turanci, ya rubuta sunan tsohuwar da ƙauyenta da abin da ta faɗa game da wadda ta koya mata.

Da fari a takarda yake aikin. Wata damina rufin ɗakin karatunsa ya yi yoyo, gara kuma ta ƙarasa abin da ruwa ya bari. Bayan wannan asara ne 'yarsu Doreen ta buɗe masa ma'ajiya a intanet, irin wadda duk abin da mutum ya rubuta a kwamfutarsa yake hawa can da kansa, ya kuma sauko a kwamfutar wanda aka haɗa da shi. Ta haɗa tata kwamfutar da tasa. Azariya ya kwashe muryoyin tsofaffin daga waya ya zuba su cikin folda ɗaya da rubutun, ya sa mata suna Waƙoƙi. Akwai wata 'yar alama koriya da take fitowa in aikin ranar ya gama hawa. Ba ya tashi daga tebur sai ya gan ta.

"Ta fito, Maman Doreen," yakan ce. "Gara ta ci kanta. Kawo tuwo."

A gadon asibiti a Kafanchan, lokacin da numfashi ya fara yi masa wuya, ya ce mata littafin ya kammala, saura gabatarwa. Ya ce ita za ta rubuta, kuma sunanta ya hau bangon littafin tare da nasa, tun da gwiwoyinta ne suka sha kanta. Ta ce masa ya daina irin wannan magana. Ya riƙe hannunta har sai da ta ce ta yi alkawari.

Yanzu ga Kaka Edna ta ɗora tafin hannunta a kan jakar.

"Kayan aikin namiji na ƙaninsa ne," in ji ta, da irin Hausarta wadda ba ta raba mace da namiji. "Lokacin da ubansu ya mutu, garmansa ƙaninsa ya ɗauka. Azariya ba shi da garma sai wannan. Boaz, zo ka karɓa."

Boaz ƙanin marigayin ne, manomin citta, kuma sakataren ƙungiyar manoman unguwarsu. Ya taso ya durƙusa ya karɓi jakar da hannu biyu, sa'an nan ya waiwayo wajen Yemima.

"To, littafin Yaya fa? Ba a ciki yake ba?"

Yemima ba ta da izinin amsawa. Sai ta dubi Doreen, wadda take zaune kusa da ita da tsohon ciki, ƙafafunta a kumbure.

"Kada ka damu, Baba Ƙarami," in ji Doreen. "Komai yana ma'ajiyar intanet. Ko kwamfutar nan ta faɗa rijiya yau, ba abin da zai sami littafin. Ina da shi ma a tawa a Kaduna."

"Madalla."

"A wanke shi kafin a yi aiki da shi," in ji Kaka Edna, "kamar sauran kaya. A zazzage aljihu, a wanke. Ba a sa kayan mamaci da guminsa."

"Kaka, da sabulun salo zan wanke ko da na gari?" in ji Boaz.

"Da bakinka mai yawan magana za ka wanke."

Aka yi dariya, ta farko a gidan tun rasuwar. Yemima ma ta ɗan yi murmushi. Ta so ta ce a bar mata jakar ko da zuwa ƙarshen zaman makokin ne. Amma 'yarta ta yi bayani a gaban kowa, kuma Doreen ce ta san waɗannan abubuwa. Ta bi jakar da ido har ta fita ƙofar gida a kafaɗar Boaz.

Damina ta kankama tana cikin zaman. Matan zumuntar coci suka riƙa zuwa bi da bi, su yi mata shara, su rera waƙa ɗaya ko biyu daga littafin waƙoƙin coci, su yi addu'a su tafi. In gida ya yi shiru, takan zauna a baranda tana kallon hazon ruwa yana saukowa daga kan duwatsu, tana shirya gabatarwar a cikin kanta. Ba ta sa alƙalami a takarda ba, domin ta ɗauki littafin a cikin kayan mijinta, ta ce ba za ta taɓa shi ba sai ta fita. Ta san da waƙar da za ta fara: ta Kaka Edna, wadda Azariya ya sa a farkon littafin, inda amarya take gaya wa uwarta cewa dutsen gidan miji ya fi na gidansu nauyi. Yakan tsokane ta da ita in ya ga ta ɓata rai. Farkon kawai ta riƙe. A wajen ɗaukar waƙoƙin hankalinta yana kan dutse da kan jan tsofaffin da hira, ba ta taɓa ganin bukatar haddace su ba tun da ga mai rubutawa.

Ana cikin haka Doreen ta haifi 'ya mace a Sabon Tasha can Kaduna, aka sa mata suna Serah. Yemima ba ta je ba, sai hoto aka nuna mata a waya.

Ranar Lahadin da aka yi mata addu'ar fita, fasto ya karanta daga Zabura, ta tsaya a gaban ikilisiya da farin ɗankwali, ta yi godiya ga Ubangiji da murya wadda ba ta yi rawa ba. Washegari ta shiga motar Kaduna da garin acca da manja da 'yan kayan jariri.

Ta sami Doreen ta rame, amma jaririyar ta yi ɓul-ɓul, da goshin kakanta sak. Yemima ta yi mata wanka, ta goya ta, ta ci abinci. Sai da la'asar ta yi, aka kawo wuta, sa'an nan ta ce:

"Ɗauko mini aikin babanki."

Doreen ta ɗauko kwamfutar, ta share ƙurar da ke kanta da gefen zani.

"Mama, ban buɗe foldar nan ba tun da Baba ya rasu. Na yi ƙoƙari sau ɗaya, da na ga sunansa sai na rufe."

"Ni ma da ni ce, haka zan yi. Buɗe."

Yemima ta sa tabarau, ta gyara zama a kan kujera kamar mai shirin duba jarrabawa. Foldar tana nan da sunanta. Doreen ta danna. Farin fili ya buɗe, babu komai a cikinsa, sai 'yar alamar nan koriya a gefe tana nuna cewa komai ya daidaita.

"Sabis ne," in ji Doreen. "Bari ya kama."

Ta rufe, ta sake buɗewa. Ta kashe datar wayarta ta kunna. Ta shiga ma'ajiyar ta intanet kai tsaye da sunan mahaifinta, domin ita ta zaɓa masa kalmar sirri. Can ma foldar fayau take. Yemima tana kallon yatsun 'yarta, ta ga sun fara kuskuren maɓallai.

"Doreen, yi mini magana."

"Mama, tsaya tukuna."

"Na tsaya wata uku. Yi mini magana."

Doreen ta buɗe wani shafi inda ake nuna abin da ya faru da kowane fayil. Ta karanta, ta sa hannu ta rufe bakinta.

"An rubuta wai Baba ne ya goge. Duka, rana ɗaya."

"Wace rana?"

Ta faɗi ranar. Yemima ta lissafa a zuci, ranar ta faɗo 'yan kwanaki bayan rabon kaya.

"Babanki yana kabari a ranar nan."

"Kwamfutarsa ce, Mama. Da sunansa take shiga. Duk wanda ya goge abu a kanta, sunan Baba za a rubuta." Ta nuna wa uwar shafin. "Abin da aka yi a ɗaya shi ake yi a duka. In an ƙara, a ƙara ko'ina. In an goge, a goge ko'ina. Da aka goge a can, ma'ajiyar ta goge nata, ranar da na kunna tawa kuma ita ma ta bi."

"Ba kin ce ko ta faɗa rijiya ba?"

"Da rijiyar ta faɗa, da yana nan."

Yemima ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta tambaya, a hankali, ko babu inda abin da aka goge yake zuwa. Doreen ta ce akwai kwandon shara, amma wata guda kawai yake riƙe abu, daga nan ya zubar. Ta buɗe kwandon don uwar ta gani da idonta. Ta kuma buɗe akwatin imel ɗin mahaifinta, ga saƙo nan an aiko tun a lokacin, ana sanar da shi cewa an goge fayiloli masu yawa, in kuskure ne ya maido su kafin wa'adi ya cika. Saƙon yana nan ba a buɗe ba, tsakanin sanarwar taron tsofaffin ɗalibai da tallar wani banki.

"Da na kwafa a filash," in ji Doreen. "Filash ɗaya, Mama. Ko in buga a takarda. Ni na tashi a gaban mutane na ce komai yana nan."

Jaririyar ta farka ta fara kuka a bayan Yemima. Ta kwance ta, ta miƙa wa uwar.

"Ba ta nono. Kada ki yi kuka a kanta, nonon zai yi mata ɗaci."

Ita kuwa ta shiga ɗakin baƙi ta durƙusa a bakin gado. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, sai ta ga ba ta san abin da za ta roƙa ba. Ta daɗe a durƙushe tana faɗin sunan Yesu kawai.

Mijin Doreen ya rubuta wa masu ma'ajiyar. Amsa ta zo da ladabi, cewa suna baƙin ciki da rashin da aka yi, amma lokacin maidowa ya wuce. Saura wuri ɗaya, ita kanta kwamfutar Azariya. Yemima ta koma Kagoro, ko gida ba ta shiga ba ta sa ɗan acaɓa ya kai ta gidan Boaz.

Ta same shi ya dawo daga cire ciyawa a gonar citta, yana wanke ƙafa a bakin randa.

"Matarmu ta fito!" ya ce da ƙarfi. "Yanzu sai maganar aurenmu. Na riga na gaya wa fasto, ya ce in dai kin yarda da mai kaushin ƙafa."

Wasan da suka saba ke nan tun tana amarya, kullum kuma tana da amsar da za ta mayar masa. Yau sai ta ce, "Sannu da aiki, Boaz," ta shiga falo ta zauna. Kwamfutar tana kan tebur, an lulluɓe ta da farin leshi kamar teburin jibin Ubangiji.

Bai lura da fuskarta ba, domin yana da labari. Ya ce ya je Kafanchan ya ga mai buga littattafai. Ya ce dangi sun yarda a ƙaddamar da littafin ranar cikar Yaya shekara, a harabar coci, a gayyato mutanen kwaleji, a ba iyalan tsofaffin nan kowa kwafi ɗaya kyauta. Har ya zaɓi hoton da za a sa a bango.

"Boaz," in ji ta, "yaya ka wanke kwamfutar?"

Ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta cika da jin daɗin wanda ya yi abu daidai.

"Kamar yadda Kaka ta ce. Na zazzage aljihu. Amma ki sani, ban karanta ko layi ɗaya ba. Sirrin Yaya ne, ba na ƙani ba ne ya leƙa. Na haɗa da datar wayata, na tattara komai gaba ɗaya na goge, ina kau da kai ma don kada idona ya faɗa kan wani abu. Wani rubutu ya fito yana tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata, ai Doreen tana da shi. Bayan haka na kai Kafanchan aka sake mata komai sabo, na zuba sunayen 'yan ƙungiya." Ya tsaya. "Me ya faru? Doreen ta ce na ɓata wani abu?"

Yemima ta dube shi. Goshinsu ɗaya da Azariya, har yadda suke karkata kai in suna jiran amsa. A hanya ta yi tunanin ta ce masa matsalar intanet ce kawai, ta bar shi da kwanciyar ransa. Amma ga shi yana maganar mai buga littafi da ranar ƙaddamarwa, kuma ita ba ta saba ƙarya ba. Ta gaya masa, a tsanake, yadda Doreen ta gaya mata, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Boaz ya yi dariya kaɗan, irin ta wanda bai gane ba. Sa'an nan ya zauna a ƙasa a kan siminti, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Na tambaya," ya ce. "Matarmu, a gaban kowa na tambaya."

"Ka tambaya. Ina wurin."

"Da muryoyin? Da muryar Mama?"

Ta manta cewa uwarsu ma tana cikin waɗanda aka ɗauka, shekara biyu kafin ta rasu. Ta gyaɗa kai. Kukan da Boaz bai yi a bakin kabari ba, shi ya yi a ranar, har matarsa ta shigo da gudu daga madafa da muciya a hannu. Yemima ce ta koma tana ba shi haƙuri.

Kashegari suka kai kwamfutar shagon da aka sake mata komai, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mai shagon ya riƙe ta yini guda yana bincike. Da yamma ya nuna musu abin da ya samu: sunayen waɗansu fayiloli, waɗanda in an buɗe su ba a ganin komai sai tarkacen alamomi. Ya ce sabon abin da aka zuba ya hau kan tsohon. Yemima ta roƙe shi ya bar ta ta karanta sunayen. Kowane fayil da sunan tsohuwa da ƙauyenta. Ta bi su da yatsa a kan gilashin, tana tuna wadda ta ba su gyaɗa, da wadda ta kore su sau biyu kafin ta yarda, da wadda ta yi waƙar tana kuka domin ta tuna da 'yarta. Ta nemi ɗaya mai rai a cikinsu. Sai suna na farko kawai, na Kaka Edna.

Da safe ta auni acca a ƙwarya, ta yi cajin wayarta, ta ɗaura tsohon zaninta na zuwa ƙauye. Gidan Kaka Edna yana can ƙarshen gari inda hanya take fara hawa dutse. Ta sami tsohuwar tana shan hantsi a bakin ɗaki. Dutsen niƙan yana gefen rumbu, an mai da shi wurin ba kaji ruwa.

"Wa nake gani? Matar Azariya? Kin fito ke nan. Me ya kawo ki da ƙwarya kamar mai biko?"

"Kunun acca nake sha'awa, Kaka, irin na dutse. Na inji ba ya yi mini daɗi."

"Ƙarya kike yi, waƙa kike so. Haka ku biyun kuke yi, ku zo da acca kamar mutanen kirki."

Yemima ta zubar da ruwan kajin, ta wanke dutsen, ta bar shi ya sha iska. Ta jingina wayar da ƙafar kujerar tsohuwar, ta danna wurin ɗaukar murya. Sa'an nan ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta zuba acca ta fara niƙa. Ta san yadda ake yi: a bar dutse ya yi ta magana har tsohuwa ta amsa masa.

Can sai Kaka Edna ta fara kaɗa kai. Muryar ta fito siririya, da harshensu, tana bin tafiyar dutsen. Amarya tana gaya wa uwarta cewa dutsen gidan nan ya fi na gida nauyi, accar gidan nan ta fi ta gida tsakuwa, kuma ba wanda ya tambaye ta ko ta karya kumallo. Yemima ta sunkuyar da kai don kada hawaye ya faɗa cikin garin. Daga nan uwar ce ya kamata ta amsa. Yemima ta tuna cewa amsar doguwa ce, kuma a wurin ne Azariya yakan daina tsokana ya yi shiru.

Kaka Edna ta ja numfashi za ta shiga amsar, sai ta tsaya. Ta koma farko, ta rera har wurin, ta sake tsayawa. Ta murza goshi da yatsu.

"Ya tafi," in ji ta. Ta yi 'yar dariya. "Kin ga tsufa? Da, ko barci nake yi zan rera miki shi har ƙarshe."

"A hankali, Kaka. Za ta dawo. Uwar ta ce me?"

"Uwar ya ce... ya ce..." Ta girgiza kai. "Ai na ba Azariya duka. Ranar da ya karanta mini shi daga kwamfuta, bai bar ko kalma ɗaya ba, na ce to, na sauke kaya. Shekara nawa ina riƙe da shi don kada ya ɓata? Tun ranar ban sake rera shi ba." Ta miƙo hannu ta dafa kafaɗar Yemima. "Kada ki wahalar da gwiwanki, 'yata. Ki je ki duba a littafin, yana nan a farko. In an buga, ki zo ki karanta mini, ni ma ina so in ji abin da uwar ya ce."

Yemima ta dubi fuskar tsohuwar.

"To, Kaka," ta ce.

Akwai sauran acca a ƙwaryar. Ta ɗebo ta zuba a kan dutsen, ta ci gaba da niƙa, ko waƙar za ta dawo. Kaka Edna ta jingina da bango, ba da daɗewa ba gyangyaɗi ya ɗauke ta. Kaji suka matso suna tsintar abin da ya zube. Wayar tana nan a jingine da ƙafar kujera, tana ɗaukar ƙarar dutsen.